NAZARI: Amosanin gwiwa: Inda binciken ceton guringuntsi ya kai, da abin da ya rage wa mai ciwo

A ƙarshen watan Nuwamba 2025, mujallar kimiyya ta Science ta buga sakamakon wani bincike da masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gudanar a ƙarƙashin jagorancin Helen Blau da Nidhi Bhutani. Masanan sun ce sun bai wa tsofaffin ɓeraye wani sinadari, sai guringuntsin gwiwarsu da tsufa ya sirantar ya sake yin kauri. Labarin ya zaga kafafen yaɗa labarai na duniya, wasu har suna hasashen cewa kwanakin tiyatar canjin gwiwa sun kusa ƙarewa.

Irin wannan albishir yana da daɗin ji ga ma'aikacin da ke dafa bango kafin ya kai hawa na uku ranar da lif ɗin ofis ya tsaya, da kuma dattijuwar da ta koma yin sallah a kan kujera. Sai dai har yau babu wani magani ko ɗaya da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ko takwararta ta Tarayyar Turai ta amince cewa yana kare guringuntsin mai amosanin gwiwa daga zaizayewa, balle ya dawo da wanda ya tafi. Duk magungunan da ke kasuwa ciwo suke ragewa. Sanin dalilin hakan shi zai raba mai ciwo da kashe kuɗin fansho a kan alƙawarin da kimiyya ba ta cika ba tukuna.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓoɓi, wato nau'in da ke tattare da zaizayewar guringuntsi. Daga cikinsu, miliyan 365 a gwiwa ciwon yake. Kusan kashi 73 cikin ɗari na masu cutar sun haura shekara 55, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Wani ƙiyasin da mujallar Lancet Rheumatology ta buga a 2023 ya kai adadin miliyan 595 a 2020, ya kuma yi hasashen zai doshi biliyan ɗaya nan da 2050.

Shekarun da cutar ta fi kamawa su ne shekarun da ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ke shirin ajiye aiki, domin doka ta yanke wa akasarin ma'aikata shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ciwon yakan tsananta ne daidai lokacin da albashi ya koma fansho.

Naman da jini ba ya kai wa

Guringuntsi shi ne farin abu mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙasusuwa a inda suka haɗu. A gwiwa kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke ɗaukar nauyin jiki a kowane taku, ya bar ƙashi ya zame a kan ƙashi ba tare da gogayya ba. Akasarinsa ruwa ne da wata saƙa ta furotin ke riƙe da shi, sai 'yan ƙwayoyin halitta ƙalilan da ke warwatse a ciki suna kula da saƙar.

Rauninsa yana cikin halittarsa. Babu jijiyar jini a cikinsa. Fata idan ta yanke, jini ne ke kawo kayan gyara. Ƙashi idan ya karye, haka nan. Guringuntsi kuwa daga ruwan gaɓa yake tsotsar abincinsa, kamar soso: a matse shi ya fitar, a sake shi ya zuƙa. Tun a 1743 likitan Birtaniya William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma kusan shekara 300 bayan haka likitoci ba su iya ƙaryata shi gaba ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne babu jijiyar jin zafi a cikin guringuntsi. Ciwon da mai amosani ke ji yana fitowa ne daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da tantanin da ya kewaye gaɓar idan ya kumbura, da jijiyoyi da tsokar da ke riƙe da gwiwa. Shi ya sa akan sami mutumin da hoton ƙashi ya nuna gwiwarsa ta cinye amma yana tafiyarsa, a sami wani kuma hotonsa da sauƙi amma ba ya barci. Masana a yau suna ɗaukar amosani a matsayin cutar gaɓa baki ɗayanta. A nan ne gizo ke saƙar, domin maganin da ya gyara guringuntsi ba lallai ya taɓa ciwo ba, wanda ya kashe ciwo kuma ba lallai ya bar gaɓar lafiya ba.

Magunguna biyu, darasi ɗaya

Gwaje-gwaje biyu sun nuna wannan a fili. Na farko shi ne na allurar sprifermin, wadda kamfanin Merck na Jamus ya ƙirƙira domin zaburar da ƙwayoyin guringuntsi su hayayyafa. An gwada ta a kan mutum 549, aka buga sakamakon a mujallar JAMA a 2019. Bayan shekara biyu, hoton MRI ya nuna waɗanda aka yi wa allurar mafi ƙarfi duk wata shida sun fi waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kaurin guringuntsi da milimita 0.05. A fagen kimiyya wannan nasara ce, domin ta nuna ana iya juya akalar zaizayewar a jikin mutum. Amma da aka tambayi marasa lafiyar, ciwon ɓangarorin biyu bai bambanta ba. Guringuntsi ya ƙaru, mai gwiwa bai ji a jikinsa ba.

Na biyu shi ne tanezumab, na kamfanonin Pfizer da Eli Lilly, wanda ke toshe wani sinadarin da ke isar da saƙon zafi. Ya rage ciwo, amma a jikin wasu daga cikin waɗanda aka yi wa shi gaɓar ta riƙa lalacewa cikin sauri fiye da yadda cutar ta saba. A watan Maris 2021 kwamitin masu bai wa FDA shawara ya ƙi goyon bayan maganin, kuma kafin ƙarshen shekarar kamfanonin suka janye daga aikin.

Abin da hukumomi ke nema shi ne maganin da zai haɗa biyun: ya kare gaɓar, kuma mai ita ya ji sauƙi ko ya kauce wa tiyata. Tabbatar da haka yana da tsada, domin amosani cuta ce mai tafiyar hawainiya. Sai an bi ɗaruruwan mutane shekara da shekaru kafin a ga bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba. Kuma masu cutar ba iri ɗaya ba ne: wani ƙiba ce ta jawo masa, wani tsohon rauni ne na filin ƙwallo ko haɗarin babur, wani karkacewar ƙafa, wani gado. Idan aka tara su a gwaji ɗaya, amfanin da magani ya yi wa wasu yakan ɓace a cikin taron.

Daga ɓera zuwa mutum

Binciken Stanford ya ta'allaƙa ne a kan wani furotin mai suna 15-PGDH, wanda ke ƙaruwa a jiki yayin da ake tsufa. Aikinsa shi ne rusa wani sinadari da sassan jiki ke buƙata wajen gyara kansu. Ɗakin binciken Blau ya riga ya nuna cewa toshe wannan furotin yana ƙara wa tsofaffin ɓeraye ƙarfin tsoka. A wannan karon sun gwada shi a gwiwa. Guringuntsin tsofaffin ɓerayen ya yi kauri, kuma irin mai santsin nan ne na asali. Ɓerayen da aka ji wa rauni irin na tsinkewar jijiyar gwiwa, wanda 'yan ƙwallo suka sani, da yawansu ba su kamu da amosani ba bayan an ba su maganin. Sannan an zuba shi a kan guringuntsin mutane da aka cire lokacin tiyatar canjin gwiwa, aka ga alamun ya fara farfaɗowa.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne ba a dasa wasu sabbin ƙwayoyin halitta ba. Tsofaffin da ke cikin guringuntsin ne suka sauya hali, suka koma ginawa maimakon rushewa. Idan haka ta tabbata a jikin mutum, to magani zai iya zama ƙwaya ko allura, ba tiyata ba.

Amma da sauran rina a kaba, kuma tarihi ya isa gargaɗi. A 2017 mujallar Nature Medicine ta buga binciken da ya nuna cewa kashe tsofaffin ƙwayoyin halitta da suka daina aiki a cikin gaɓa yana kare guringuntsin ɓeraye. Kamfanin Unity Biotechnology na Amurka ya kai maganin, mai suna UBX0101, ga gwajin mutane. A watan Agusta 2020 ya sanar cewa maganin bai fi allurar da babu komai a cikinta rage ciwo ba, ya dakatar da shi. Gwiwar ɓera ƙarama ce, guringuntsinta siriri ne ƙwarai, nauyin da take ɗauka ba na mutum ba ne, kuma amosanin da ake haddasa mata cikin makonni ba daidai yake da wanda ya ɗauki shekara 20 yana cin gwiwar ɗan Adam ba. Hanyar da magani ke bi daga ɗakin bincike zuwa kantin magani takan ɗauki shekara 10 ko fiye, kuma akasarin masu kama hanyar ba sa kaiwa.

Duk da haka, kuɗi na ci gaba da shiga fagen. A 2023 hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka mai suna ARPA-H ta ƙaddamar da shirin NITRO, wanda ke ɗaukar nauyin jami'o'i domin samar da allurar da za ta sake gina ƙashi da guringuntsi, da kuma gwiwar dashe da aka ƙera da ƙwayoyin halitta masu rai.

Tsofaffin magunguna, sabon aiki

Hanyar da ta fi kusa da marasa lafiya ita ce ta magungunan da aka riga aka sani domin wasu cututtuka. A watan Oktoba 2024 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin semaglutide, allurar rage ƙiba ta kamfanin Novo Nordisk, a kan mutum 407 masu ƙiba da amosanin gwiwa. Bayan mako 68, masu allurar sun rage kashi 13.7 cikin ɗari na nauyinsu, sauran kuma kashi 3.2. A ma'aunin ciwo mai maki 100, na masu allurar ya sauka da maki 41.7, na sauran da 27.5. Bambanci ne da mai ciwo zai ji a jikinsa. Sai dai gwajin ciwo da nauyi ya auna, bai auna guringuntsi ba. Allurar tana da tsada, kuma nauyi yakan dawo idan aka daina ta.

A 2025 masana a Ostireliya sun fitar da sakamakon gwajin metformin, maganin ciwon sukari mai araha da ake samu a kusan kowane kantin magani a Najeriya, a kan mutum 107 masu nauyin jiki waɗanda ba su da ciwon sukari. Bayan wata shida ciwon masu shan maganin ya sauka da maki 31.3, na sauran da 18.9. Gwajin ƙarami ne, masu shi da kansu sun ce sai an maimaita shi da mutane masu yawa. Ba izini ba ne ga kowa ya fara shan maganin sukari domin gwiwa.

Akwai kuma alamu daga binciken cututtukan zuciya. A wani gwaji na mutum 10,061 da aka bai wa canakinumab, maganin da ke kashe kumburi, an lura daga baya cewa waɗanda aka yi wa allurarsa sun yi ƙarancin tiyatar canjin gwiwa da ƙugu da kusan kashi 40 cikin ɗari. An ga makamancin haka, amma bai kai wannan ba, a gwajin colchicine na mutum 5,522. Ba domin gwiwa aka tsara gwaje-gwajen ba, don haka ba hujja ba ce ta ƙarshe, amma sun ƙarfafa ra'ayin cewa kumburi na cikin abin da ke cin gaɓa.

Abin da kasuwa ke sayarwa

Kasuwa ba ta jira kimiyya ba. Kwalaben glucosamine da chondroitin sun cika kantuna da shafukan Facebook da WhatsApp, ana tallar su da cewa suna gina guringuntsi. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwada su a kan mutum 1,583, aka buga sakamakon a 2006: a jimlace ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage ciwo ba, kuma bin diddigin da aka yi da hoton ƙashi bai nuna sun hana gaɓar cinyewa ba. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta umarci likitoci a 2022 da kada su rubuta wa masu amosani glucosamine.

Allurar sitiroyid a cikin gwiwa tana kawo sauƙi na 'yan makonni, kuma tana da gurbinta idan ciwo ya tashi. Yawan maimaita ta ne matsalar. A wani gwaji da aka yi a Boston kan mutum 140, wanda JAMA ta buga a 2017, an riƙa yi wa rabi allurar duk mako 12 har shekara biyu, rabi kuma ruwan gishiri. Masu sitiroyid sun rasa milimita 0.21 na guringuntsi, masu ruwan gishiri 0.10, ciwonsu kuwa bai bambanta ba.

Sai allurar PRP, wadda ake ɗibar jinin mutum a tace a mayar masa a gwiwa, da allurar ƙwayoyin halitta na asali da ake ciro daga ɓargo ko kitse. Waɗannan su ne masu tsadar, kuma asibitocin ƙetare da ke neman marasa lafiya daga Afirka suna tallar su sosai. Gwajin da aka yi a Ostireliya kan mutum 288 ya nuna a 2021 cewa bayan shekara ɗaya PRP ba ta fi ruwan gishiri ba, a ciwo ko a yawan guringuntsi. A 2023 wani gwajin na Amurka kan mutum 480 ya kwatanta nau'i uku na allurar ƙwayoyin halitta da allurar sitiroyid ta yau da kullum, babu wadda ta fi ta bayan wata 12. Koriya ta Kudu ma ta taɓa amincewa da wata allura mai suna Invossa a 2017, ta soke lasisin a 2019 bayan an gano cewa wasu ƙwayoyin da ke cikinta asalinsu na ƙoda ne, ba na guringuntsi ba kamar yadda aka rubuta a takardun neman izini.

Akwai dashen ƙwayoyin guringuntsi na gaskiya, wanda likitocin Suwidin suka fara bayar da rahotonsa a 1994. Amma an yi shi ne domin cike ƙaramin rami a gwiwar da sauranta lafiya lau, galibi ta matashin da ya ji rauni. Gwiwar da amosani ya ci ko'ina ba ta cikin wannan lissafin.

Abin da ya tabbata

Hujja mafi ƙarfi tana wurin abubuwan da ba a tallar su. Binciken da Stephen Messier ya jagoranta a Amurka ya nuna a 2005 cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A gwajin da ya biyo baya, na mutum 454 cikin wata 18, waɗanda suka haɗa rage abinci da motsa jiki sun fi masu motsa jiki kaɗai samun sauƙin ciwo da iya tafiya.

Motsa jiki kansa magani ne, ko da yake mai ciwo yakan ɗauka hutu ne mafita. Tun da guringuntsi da matsi da saki yake cin abinci, zaman kujera daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, sannan zaman mota a cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, yunwa ce gare shi. Tsokar cinya kuma ita ce ke tare wa gwiwa nauyi. Idan ta yi rauni, gaɓar ce ke biya. Tafiya, tuƙa keke, iyo da atisayen ƙarfafa cinya a ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo su ne matakin farko a ƙa'idojin jinya na Ingila da Amurka.

A watan Agusta 2025 Lancet Rheumatology ta buga wani gwaji mai ban sha'awa kan mutum 68. An auna tafiyar kowannensu, aka koya wa rabi su karkata tafin ƙafa ciki ko waje da digiri 5 ko 10, gwargwadon abin da ya fi rage wa cikin gwiwarsu nauyi. Bayan shekara ɗaya ciwonsu ya fi na sauran sauka, hoton MRI kuma ya nuna guringuntsinsu ya fi jinkirin lalacewa. Gwajin ƙarami ne, kuma sai da na'ura ake gano kusurwar da ta dace da kowa, amma yana cikin 'yan kaɗan da suka taɓa ciwo da guringuntsi a lokaci guda, ba tare da ƙwaya ko allura ba.

Inda Najeriya ta tsaya

A nan gida, abin da mai ciwon gwiwa ya fi dogara da shi shi ne diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake saye ba tare da takardar likita ba, wani lokaci a haɗa biyu ko uku a ƙulli ɗaya. Shan su shekara da shekaru yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana hawar da jini. Ga mutumin da ya haura 50, mai hawan jini ko ciwon sukari, an gudu ba a tsira ba.

A ɗaya ƙarshen akwai tiyatar canjin gwiwa, wadda ake yi a asibitocin ƙashi na ƙasa irin su Dala a Kano, Igbobi a Legas da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Tiyata ce mai inganci: nazarin da Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin dashe suna kai shekara 25. Amma daga waje ake shigo da kayan dashen, don haka farashinsu yana bin dala.

Tsakanin ƙullin ƙwaya da ɗakin tiyata ne giɓin yake, kuma a nan ne masu tsara manufofi ke da abin yi ba tare da jiran Stanford ba. Ma'aikatan tarayya suna cikin inshorar lafiya tun 2005, kuma dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar ga kowa. Ya dace ƙungiyoyin ƙwadago su zauna da hukumar a kan zama nawa na fisiyo tsarin ke biya wa mai amosani, da ko akwai likitan fisiyo a asibitin da aka tura shi. Denmak ta fara wani shiri mai suna GLA:D a 2013, na koyar da masu ciwo da yi musu atisaye rukuni-rukuni na 'yan makonni, ƙasashe da dama kuma sun kwaikwaya. Ɗaki, tabarma da ƙwararre ɗaya sun isa a fara irinsa a asibitin ma'aikata. NAFDAC kuma tana da hurumin tantance tallar magunguna, kuma duk kwalbar da ke iƙirarin sake gina guringuntsi tana faɗin abin da manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar ba.

Akwai lissafin da ya shafi kowane mai ciwo. Magungunan da ake bincike a kansu, daga sprifermin zuwa na Stanford, ƙwayoyin guringuntsin da suka rage a gaɓa suke zaburarwa. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsallake gwaji nan gaba, wanda zai fi amfana shi ne wanda ya iso da sauran guringuntsi a gwiwarsa. Kilo biyar da ma'aikaci ɗan shekara 45 ya sauke bana, da tsokar cinyar da ya gina, su za su yanke ko yana cikin waɗannan.